Fagen Tambaya da Amsa: Idan an saki halittar da aka sauya wa gado, wa zai mayar da ita?

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da aka fara muhawara a gidajen rediyo a kan waken da tsutsa ba ta ci da masarar da aka sauya wa ƙwayoyin gado, wasiƙun da ke zuwa wannan fage daga Sakkwato da kewaye suka karkata ga batu guda, wato sabon ilimin nan na tsara ƙwayoyin gadon halittu a ɗakin gwaje-gwaje, da abin da yake iya jawowa ga tsirrai da dabbobi da lafiyar jama'a. Na zaɓi shida daga ciki, na taƙaita su saboda ƙarancin fili, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata da ke Mabera. Ɗalibaina sun tambaye ni bambancin da ke tsakanin irin shukar da ake kira GMO da wannan sabon ilimi da aka ce ana ƙera halitta da shi, na rasa yadda zan fayyace musu. A taimaka mini da bayani mai sauƙi.

Amsa: Malama, ki fara musu da cewa kowace halitta, daga ƙwayar cutar da ido ba ya gani har zuwa raƙumi, tana ɗauke da wani dogon rubutu a cikin ƙwayoyin jikinta, wanda aka yi da sinadarai iri huɗu kacal da ke jeruwa kamar haruffa. Shi ne ake kira DNA, kuma shi ke sa akuya ta haifi akuya, gero ya fitar da gero. Na ɗan Adam ya kai haruffa kusan biliyan 3. Tsohuwar fasahar sauya gado, wadda ita ke samar da irin da ake kira GMO, tana kama da aikin maɗinkin da ya yanko ƙyalle daga wata riga ya yi wa wata maho: a ɗauko yanki ɗaya daga wata halitta a dasa shi a jikin wata. Haka aka yi waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a ƙarshen 2019, inda aka ɗauko ƙwayar gado guda daga wata bakteriyar ƙasa aka sa wa wake domin ya kashe tsutsar da ke huda fure da kwanso. Shi kuwa sabon ilimin, maɗinkin ne ya zauna ya zana rigar da kansa. Masani yakan rubuta jerin haruffan da yake so a kwamfuta, ya aika wa kamfanin da ke harhaɗa su da sinadarai, a aiko masa da su a 'yar ƙaramar kwalba, sannan ya cusa su cikin ƙwayar halitta mai rai domin ta yi aikin da ya tsara mata.

Misalin da ya fi shahara ya faru a 2010 a Amurka, lokacin da cibiyar Craig Venter ta harhaɗa cikakken rubutun gadon wata bakteriya, haruffa sama da miliyan ɗaya, ta dasa shi a cikin ƙwayar wata bakteriyar mai kama da ita, kuma ƙwayar ta ci gaba da rayuwa tana hayayyafa bisa sabon rubutun. Abin da zai ba ɗalibanki sha'awa shi ne bakteriyar da aka kwaikwaya mai sa wa awaki cuta ce, kuma 'yar'uwa ce ta kusa ga wadda ke haddasa ciwon huhu na shanu, wanda kowane makiyayi a ƙasar nan ya san ɓarnarsa. A 2016 masanan suka rage rubutun har ya koma ƙwayoyin gado 473, wato abin da suka ga ƙwayar ba ta rayuwa sai da shi, amma suka bayyana cewa 149 daga ciki ba su san aikinsu ba. Ki jaddada wa yaran wannan adadi, domin yana nuna cewa gwanayen fannin ma suna iya haɗa abin da ba su gama fahimta ba. A tsakanin waɗannan shekaru, a 2012, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana dabarar CRISPR, wadda ke yanka rubutun gado daidai wurin da ake so kamar almakashi, aikin ya ƙara sauƙi da araha, su kuma suka sami kyautar Nobel a 2020.

Akwai rabe-raben da na fi so ɗalibanki su riƙe, domin sauran amsoshin yau a kansa suka dogara. Wasu halittun da aka sauya ana tsare su ne a cikin tankunan ƙarfe a masana'anta, a ɗebi abin da suka samar, su kuwa a kashe su. Insulin ɗin da masu ciwon suga ke yi wa kansu allura da shi ta wannan hanya ake samun mafi yawansa, tun 1982 da aka fara sayar da wanda bakteriya ta samar. Wasu kuma ana shuka su a gona, inda iska da ƙudan zuma ke da ta cewa. Kashi na uku su ne waɗanda aka tsara takanas domin a sake su su bazu da kansu. Haɗarin waɗannan uku ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya cakuɗa su wuri guda, ko yabo yake yi ko suka, zai ruɗar da mai sauraro.

Tambaya: Ni dattijo ne daga Gidaɗawa. Abin da ya dame ni shi ne, wannan aiki ba shi ne canza halittar Allah da aka yi gargaɗi a kansa a Suratun Nisa'i ba? Kuma yaya mutum zai ce ya ƙera rai?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Fatawa ta malamai ce, kuma garinku bai rasa su ba, saboda haka zan tsaya ga abin da ya shafi fannina. Babu wani masani da ya taɓa samar da rai daga babu. Ko a gwajin 2010 da na ambata, sai da suka nemi ƙwaya mai rai, da fatarta da ruwan cikinta da duk kayan aikinta, kafin rubutun da suka harhaɗa ya yi wani tasiri, kuma rubutun kansa kwafi ne na wanda suka tarar a jikin halittar da ke akwai. Kalmar ƙera rai ta masu neman kanun labarai ce.

Game da hukunci kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997, ta haramta kwafar ɗan Adam, wato samar da mutum mai rubutun gado iri ɗaya da na wani, ta kuma halatta amfani da fasahar sauya gado a kan ƙananan halittu da tsirrai da dabbobi, da sharaɗin a tsaya cikin iyakokin shari'a, a jawo amfani a kuma kauce wa ɓarna. Mutanenmu sun daɗe suna haɗa jaki da goɗiya su sami alfadari, suna yi wa mangwaro aure, ba wanda ya ga laifin haka. A fahimtata, sharaɗin nan na kauce wa ɓarna shi ne inda nauyin yake, domin ƙa'idar babu cuta babu cutarwa tana bukatar a san wa abin zai shafa, a kuma san ko ana iya gyara shi idan ya ɓaci.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina aiki a ɗakin yara. Duk damina sai gadaje sun ƙare mana saboda zazzaɓin cizon sauro. Na ji an ce Turawa sun samar da sauron da zai iya ƙarar da sauron da ke kawo cutar. Idan gaskiya ne, me ake jira?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan aiki. Wanda ya ga yaro yana jijjiga a hannun uwarsa a watan Agusta ba zai raina tambayarki ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, da kusan kashi 30 cikin ɗari na masu mutuwa, kuma maƙwabciyarmu Kebbi tana sahun gaba a yawan yaran da ake samu da ƙwayar cutar a jininsu, abin da ya sa tana cikin jihohi biyun da aka fara ba da allurar rigakafin cutar a Disambar 2024. Ga shi kuma sauro yana ƙara jure wa maganin da ake sa wa gidan sauro. Saboda haka duk wanda zai ce a dakata, dole ya san cewa jiran ma yana da farashi, kuma yara ne ke biya.

Ga yadda abin yake. A bisa al'ada, sauro kamar mutum yana gadar rubutun gado ta gefe biyu, na uwa da na uba, kuma idan uba yana ɗauke da wata ƙwayar gado a gefe ɗaya kawai, kusan rabin 'ya'yansa ne za su gaje ta, shi ya sa sauyin da ke cutar da mai shi yakan dusashe ya ɓace bayan 'yan tsatso kaɗan. Dabarar da kika ji, wadda zan kira gadon dole, tana karya wannan ƙa'ida. Ana dasa wa sauron almakashin CRISPR tare da sauyin da ake so, ta yadda zai kwafi kansa zuwa ɗaya gefen, sai kusan dukan 'ya'yan su gaje shi, jikoki ma haka. Austin Burt na Kwalejin Imperial da ke Landan ne ya kawo shawarar a 2003. A 2018 wata tawaga a wannan kwaleji ƙarƙashin Andrea Crisanti ta gwada ta a kan sauron Anopheles gambiae, wanda ke kan gaba wajen yaɗa cutar a Afirka, inda ta taɓa ƙwayar gadon da ke bambanta mace da namiji. Macen da ta gaji sauyin daga uwa da uba ba ta iya cizo, ba ta kuma yin ƙwai. Cikin tsatso 7 zuwa 11 sauron da ke cikin kejin gwajin ya ƙare ƙaf.

Amma keji daban, fadamar Rima daban. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ba a saki sauro mai gadon dole a ko'ina a duniya ba. Abin da aka yi a Burkina Faso a Yulin 2019 shi ne sakin mazan sauro kimanin 6,400 da aka sauya su suka zama ba sa haihuwa, a ƙauyen Bana kusa da Bobo-Dioulasso, ƙarƙashin shirin Target Malaria, kuma waɗannan ba sa barin baya. An yi shi ne a matsayin matakin koyo. A Agustan 2025 gwamnatin ƙasar ta dakatar da shirin baki ɗaya.

Me ake tsoro? Na farko, wace halitta ce ke cin wannan sauro. Akwai nau'in sauro kimanin 3,500 a duniya, kaɗan ne daga ciki ke yaɗa zazzaɓi, kuma nazarin da aka yi bai gano wata dabba da ta dogara kacokan ga wannan nau'i ba, domin jemage da mazari da tsaka da ƙananan kifaye suna cin duk ƙwaron da suka samu. Wannan damuwa ba ta hana ni barci sosai. Wadda ta fi ta nauyi ita ce ta gurbi. Ki duba sawun kofaton saniya a bakin rafi bayan ruwan sama, wanda bai fi tafin hannu ba, ruwa ya kwanta a ciki rana tana dukansa: idan kika durƙusa za ki ga 'ya'yan sauro kwance a saman ruwan, kina kai inuwarki su nutse. Irin wannan wuri shi ne gidan haihuwar sauron da ake magana, kuma idan ya ƙare wurin ba zai zauna fanko ba. Akwai danginsa da su ma ke yaɗa cutar, akwai kuma baƙon sauro daga Asiya, Anopheles stephensi, mai son tankunan ruwa na cikin gari, wanda aka gano a jihar Gombe a 2020. Bayan haka, nau'o'in da ke cikin dangin gambiae sukan yi barbara da juna jefi-jefi, saboda haka sauyin yana iya tsallakawa zuwa wanda ba a nufa ba. Sauron kansa ma yana iya samun canjin da zai hana almakashin kama shi, kamar yadda ya faru a gwaje-gwajen farko, a wayi gari an kashe kuɗi an koma gidan jiya.

Damuwar da ta fi duka a wurina ita ce ta iyaka. Masu bincike a Mali sun ɗaga taru mai danƙo da balan-balan zuwa sama da dare, suka kama sauron zazzaɓi a tsayin mita 40 zuwa 290, suka kuma ƙiyasta a rahotonsu na 2019 cewa iska na iya kai shi nisan da ya kai kilomita 300 a dare guda. Sauron da aka saki a Ƙonni ta Nijar ba zai tsaya a Illela ya nuna takarda ba. Yarjejeniyar Cartagena kan halittun da aka sauya wa gado, wadda aka amince da ita a 2000 ta fara aiki a 2003, kuma Najeriya da Nijar duk suna ciki, an gina ta ne galibi a kan kayan da wata ƙasa ke aika wa wata da gangan, inda sai an nemi izini kafin a shigo da su. Idan abin ya tsallaka ba da niyya ba, abin da ta tanada shi ne a sanar da maƙwabta a yi shawara. A taron ƙasashe kan kare nau'o'in halittu da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2018, wasu sun nemi a dakatar da sakin irin waɗannan halittu gaba ɗaya, ba a amince ba, aka tsaya a kan yin taka-tsantsan, a auna haɗarin kowane gwaji shi kaɗai, a kuma nemi yardar al'ummomin da abin zai shafa. Ƙasashen Afirka da dama sun ƙi goyon bayan dakatarwar saboda dalilin da kika kawo. Amma yardar wa za a nema? Ta ƙauyen da aka buɗe kejin, ko ta duk garuruwan da iska za ta bi?

Ra'ayina shi ne a ci gaba da binciken, masananmu su kasance a cikinsa tun daga tushe, a fara da nau'in da aka tsara ya dusashe da kansa bayan wasu tsatso, kuma kada wata ƙasa ta yanke hukunci ita kaɗai. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Maganin feshi idan ya ɓaci ana janye shi daga kasuwa, amma babu hukumar da za ta bi fadama tana tsince sauro.

Tambaya: Ni manomi ne a Wurno, ina noman gero da wake da shinkafa. An ce idan na shuka sabon iri ba zan iya ajiye shi in sake shukawa ba, kuma zai kashe irin da muka gada. Mene ne gaskiya?

Amsa: Malam, maganar ta kasu biyu, kuma ta farkon ta fi sauƙi. An taɓa ƙirƙiro dabarar da ke hana iri tsirowa a karo na biyu, amma ƙasashen duniya sun taka mata birki tun 2000, ba a kuma taɓa sayar da irin wannan iri ba. Waken SAMPEA 20-T ana iya ajiye shi a sake shukawa. Masarar TELA da aka amince da ita a farkon 2024 kuwa haɗin aure ce, kuma duk irin da aka yi wa haɗin aure, ko an sauya masa gado ko ba a sauya ba, yabanyarsa takan ragu idan aka maimaita shi, shi ya sa ake sayen sabo kowace shekara. Hukumar da ke ba da izinin waɗannan iri ita ce Hukumar Kula da Kariyar Fasahar Halittu ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2015, aka kuma gyara dokarta a 2019 domin ta haɗa da gyaran ƙwayoyin gado da gadon dole da sabon ilimin da muke magana a kai.

Ta biyun ita ce mai nauyi, kuma kai ka fi ni sanin shaidarta. Ka san shibra, wadda ke fitowa a gonar gero da siririyar zangarniya, tana zubar da tsabarta kafin girbi. Shibra 'ya ce ta barbara tsakanin geron gida da na daji, domin asalin gero a yankin Sahel yake, danginsa na daji suna nan kusa da gonakinmu, iska kuma tana kwasar garin furensa daga wannan zuwa wancan. Duk abin da aka sa wa gero, a daɗe ko a jima zai isa daji. A yanzu ba a fitar da geron da aka sauya wa gado a Najeriya ba, amma ranar da aka zo da shi, wannan ce tambayar farko da ya kamata a yi. Wake ya fi sauƙi, domin furensa yakan yi wa kansa barbara, ko da yake ƙudan zuma na ɗaukar kaɗan, kuma shi ma yana da dangi na daji a Afirka. Masara baƙuwa ce daga Meziko, ba ta da dangi a dajinmu, sai dai gonar maƙwabci.

Sai dai a ganina abin da ya fi barbara saurin kashe irin gado shi ne mantuwa. Na taɓa zama da wata tsohuwa lokacin girbi ina kallon yadda take zaɓen iri. Tana ɗaga kowace zangarniya ta murza da babban yatsa, ta ware masu cika da tauri gefe guda, ta ɗaure su dami daban, ta ce wannan na jigawa ne mai saurin nuna, wancan kuma na wurin da ruwa ke kwanciya. Waken iri kuwa ta cakuɗa shi da toka ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka. Idan sabon iri ya zo ya yi kyau shekara uku a jere, kowa ya koma kansa, tulun nan shi ke fara zama fanko, kuma babu wanda zai lura sai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ko wata sabuwar cuta ta sauka. Dattawa na tuna yadda cutar kuturun gyaɗa ta share gonakin Arewa a 1975. Tsutsa ma tana sabawa da dafin da aka sa wa shuka, kamar yadda ta yi wa audugar da aka sauya a Indiya, sannan Burkina Faso ta bar irin wannan auduga a 2016 saboda zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwa. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan tana ajiye da samfurin wake kimanin 15,000, amma irin da ke cikin firji ba ya ci gaba da sabawa da ƙasarka kamar wanda ake shukawa kowace damina. Idan za ka gwada sabon wake domin rage feshi, wanda shi ma yana cutar da mai yi da ƙudan zuma, ka gwada a ɓangare guda, ka kuma bar wa na gado kuyya 'yan kaɗan nesa da shi.

Tambaya: Ni ɗalibin likitancin dabbobi ne. Idan ana iya yin odar rubutun gado ta intanet, me zai hana mugu ya haɗa cuta?

Amsa: Ɗana, tsoronka yana da tushe. A 2002 masana a jihar New York sun harhaɗa ƙwayar cutar shan-inna daga rubutunta da aka wallafa, a 2018 kuma wasu a Jami'ar Alberta ta Kanada suka wallafa yadda suka sake haɗa agana ta dawaki, 'yar'uwar aganar mutane da aka kawar daga duniya a 1980, da guntayen da suka yi oda daga kamfani. Manyan kamfanonin da ke wannan sana'a sun haɗa ƙungiya tun 2009 suna tantance odar da mai yin ta, amma shiga ƙungiyar ganin dama ne, kuma yarjejeniyar hana makamai masu cuta ta 1972 ba ta da masu binciken da ke zuwa su duba. Duk da haka aikin yana bukatar ƙwarewa da kayan da ba kowa ke da su ba. A ɗakunan gwaje-gwajenmu, abin da ya fi kusa da kai shi ne sakaci: tukunyar kashe ƙwayoyin cuta da ta lalace, wutar da ke ɗaukewa firji ya narke, da sharar da aka zubar ba a ƙone ba.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina sayen ƙaro da fata ina kaiwa Kano. Wani ya ce mini nan gaba Turawa za su riƙa yin waɗannan kaya a masana'anta, ba sa bukatarmu. Haka ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Irin wannan ya taɓa faruwa, kuma sunan unguwar Marina a cikin birnin Sakkwato yana tuna mana. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadarai, kafin shekara ashirin noman baba a Indiya ya durƙushe, a nan ma sannu a hankali garin rini na kanti ya maye gurbin baban da ake jiƙawa da toka a karofi. Sabon ilimin yana iya yin haka ta hanyar koya wa yis, wanda ake kumbura burodi da shi, ya samar da abin da tsiro ke samarwa. An yi haka da sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake samu daga wani tsiro dangin tazargade, wanda manoma a Sin da Biyetnam da Madagaska da gabashin Afirka ke nomawa. Kamfanin Sanofi ya fara yin sa daga yis a Italiya a 2013, aka yi ta fargabar manoma sun shiga uku, amma na gona ya yi araha har na tankin ya kasa gasa da shi. Ƙaro kuwa sinadari ne mai sarƙaƙiya ƙwarai, ya fi wahalar kwaikwayo a kan ƙamshi ko launi, saboda haka ban ga dalilin da zai sa ka saki sana'arka ba.

Abin da ya haɗa wannan da kare halittu shi ne, mutum yakan bar itacen da ke ba shi kuɗi a tsaye. Daƙwara tana nan ne saboda ƙaro, bagaruwa saboda majema, kaɗanya saboda man kaɗe, kuma ranar da kayansu suka rasa mai saye, mai gawayi ne zai taya su. Akwai kuma batun hakki. A da, wanda ke son amfana da jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko saboda ta can fatake ke bi da ita, sai ya zo ya sayi akuyar, kuma yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa a nemi izinin ƙasar da ta mallaki halitta a kuma raba riba da ita. Yanzu kuwa ɗigon jini ya isa a karanta rubutun gadonta a ɗora a intanet, wani a wata nahiya ya sauke ya yi aiki da shi ba tare da ya taɓa ganin akuyar ba. A taron Cali na Kolombiya a 2024 ƙasashe sun amince da kafa asusun da manyan kamfanonin da ke cin moriyar irin wannan rubutu za su riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na ribarsu, ko kashi 0.1 na cinikinsu, kuma aƙalla rabin kuɗin ya tafi ga al'ummomin da ke kula da halittun. Ba a tilasta wa kamfanonin biya ba, sannan Amurka, inda da yawa daga cikinsu suke, ba ta cikin yarjejeniyar tun asali.